Allon Kafaɗa

A benen da ke bayan gidan burodi a Barnawa
akwai sandar ƙarfe, daga daɓe har silin.
Talata da Asabar, mata zalla.
Nan nake ajiye takalmi da gajiyar shago a bakin ƙofa,
in kama ta da hannun dama, in ɗaga kaina,
ɗaki ya kife, fanka ta dawo ƙarƙashin ƙafata.

Mai kallo cewa take iska ce ke riƙe ni.
Ina fa iska!
Wata 'yar tsoka ce, ba ta kai tafin hannu ba,
tsakanin ƙashin baya da allon kafaɗa,
ita ke ɗaukar kilo sittin da uku
ba a taɓa yi mata tafi ba.

Daren Laraba ta kai ƙara.
Kamar kafinta ya kafa ƙusa ya tafi cin abinci.
In juya dama, ta ce a'a,
in juya hagu, ta ce wa ya aike ki?
Da safe ɗaurin ɗankwali ya zama aikin gayya.
A cikin keke kuwa,
duk ramin da ke titin Kakuri
da bayana na ƙirga shi.

Inna Tabawa, shekara goma sha tara tana ɗaga bandir a masaƙa
kafin injuna su yi shiru,
ba ta tambaye ni rawar me ake yi da sanda ba.
Ta ce, kwanta.
Ta tsoma tawul a ruwan zafi, ta matse, ta shimfiɗa,
ta lakato man kaɗanya da babban yatsa,
ta bi gefen allon
kamar mai neman inda zare ya tsinke.
Da ta same shi na ƙwalla ƙara,
akuyar maƙwabta ta amsa.

"Ga ƙullin nan. Da hannu ɗaya kike hawa, ko?
Kin mai da dama jaki, hagu 'yar gata.
Jiki magayi, ke ce ba ki da kunne.
In kin ji yatsu sun fara mutuwa, kada ki zo wurina,
asibiti za ki."

Kwana goma ban taɓa ƙarfe ba.
Na ari ƙwallon tanis na ɗan yayata,
na sa shi tsakanin baya da bango
ina murzawa a hankali, ina cije leɓe,
uwar ɗakina ta leƙo ta ce, Larai, ƙaiƙayi ne?
Na rungume kaina har allunan suka buɗe.
Na dafa dokin ƙofa hannu bibbiyu
na tura ƙirji gaba, na ƙirga ashirin.
Numfashi ya gangara inda ya daɗe bai je ba.

Ranar da na koma, Briskila mai koya mana
ta tsaya bayana, yatsa biyu a gadon bayana:
"Kada ki rataya kamar wanki a igiya.
Sauke kafaɗa, raba ta da kunne.
Ɗan matse allunan kamar kin riƙe goro a tsakaninsu.
Yau da hagu za ki fara."

Hagu ta yi rawar ɗari, ta zame, ta sake kamawa.
Ban kai ko rabin sandar ba.
Nepa ta ɗauke wuta, ƙamshin burodi ya hauro ta taga,
muka zauna a duhu muna gumi, mu shida,
kowa na murza kafaɗar ta gabanta.

Ƙusar tana nan, amma ta yi sako-sako.
Gobe zan kai wa Inna Tabawa burodi mai zafi
in mai da ƙwallon yaro,
ko kuwa in saya masa sabo.